Darasi na 9: Fitsarin da ke Kuɓucewa Lokacin Tari, da Ayyukan Tiyatar da ke Gyara Shi

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana so mai koyo, mace ko namiji, ya iya:

1. bambanta ɗigar fitsari ta yunƙuri da yoyon fitsari da sauran matsalolin mafitsara;
2. bayyana abin da ke lalacewa a jikin mace har fitsari ya riƙa kuɓuce mata;
3. faɗin abin da ake gwadawa kafin a kai ga tiyata;
4. ambaton ayyuka huɗu da likitoci ke yi, da amfanin kowanne da haɗarinsa;
5. shirya tambayoyin da za a yi wa likita, da tsara jinya bayan an dawo gida.

Gabatarwa

A kasuwar Yelwa, ko a bakin ruwan Wara inda mata ke jiran jiragen masunta, akwai matan da ba sa fita sai da zani na biyu a cikin jaka. Wata ta daina dariya da ƙarfi a gidan biki. Wata kuma ba ta shan ruwa tun safe in za ta hau jirgi, duk zafin ƙasar Yauri, don kada ta ji kunya a cikin mutane. In an tambaye su sai su ce, ai haka haihuwa ta gada, ko kuma su ce tsufa ne. Da yawansu ko mazajensu ba su sani ba.

Wannan lalura tana da suna a asibiti, an san dalilinta, kuma ana warkar da ita. Wasu matan motsa jiki kawai ke ishe su. Wasu sai an yi musu aiki. Maza da ke cikin ajin nan kada su ɗauka darasin ba nasu ba ne, domin kuɗin mota da izinin tafiya da hutun jinya duk ta hannunsu suke bi a yawancin gidajenmu.

1. Yadda jiki ke riƙe fitsari

Ƙoda ce ke tace jini ta fitar da fitsari, ta tura shi cikin mafitsara. Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar kusan abin da ledar ruwa ɗaya ke ɗauka, wato rabin lita ko ƙasa da haka kaɗan. Daga mafitsara fitsari ke bi ta wani gajeren bututu ya fita. A jikin mace tsawon bututun bai wuce santimita 4 ba. Abu biyu ne ke rufe shi: tsokar da ta kewaye shi kamar zobe, da shimfiɗar tsoka da jijiyoyi da yake kwance a kanta.

Duk wanda ya taɓa ban ruwan albasa da inji zai gane wannan. In tiyo yana kwance a kan busasshiyar ƙasa mai tauri ka taka shi, ruwa zai tsaya cak. In a cikin taɓo yake, ka taka, sai ya nutse ƙarƙashin ƙafarka ruwa ya ci gaba da gudu. Tari da atishawa da ɗaukar kaya su ne takun ƙafar, domin suna danno ciki zuwa ƙasa. In shimfiɗar da ke ƙarƙashin bututu tana da ƙarfi, dannawar ma rufe shi take ƙara yi. In ta saki, bututun ya sauka, fitsari ya fita.

> AKWATIN KALMOMI (1)
> Mafitsara: jakar da fitsari ke taruwa a cikinta.
> Bututun fitsari: gajeriyar hanyar da fitsari ke bi daga mafitsara zuwa waje.
> Tsokar ƙasan mara: shimfiɗar tsoka da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji.
> Ɗigar fitsari ta yunƙuri: kuɓucewar fitsari lokacin tari, atishawa, dariya, tsalle ko ɗaga abu mai nauyi, ba tare da an ji fitsari ya matsa ba.

Me ke sa shimfiɗar ta saki? Na farko ciki da haihuwa, musamman haihuwa kusa da kusa, da doguwar naƙuda, da jariri mai girma. Sai tsayawar al'ada, lokacin da fatar wurin ke yin siriri. Sai ƙiba, da taurin bayan gida mai sa yawan nishi, da tarin da ya daɗe. Matan da ke bandar kifi suna wuni cikin hayaƙi, kuma da yawansu ba sa rabuwa da tari. Ga daka, ga ɗaukar ruwa daga bakin tafki, ga ɗora buhu a ka. Waɗannan ayyukan ba su kaɗai ke kawo lalurar ba, amma suna ƙara mata ƙarfi, kuma su ne ke bayyana ta.

2. Zubar fitsari iri-iri ce

A nan ya kamata a tsaya sosai, don kuskuren da aka fi yi ke nan. Da an ji mace na zubar fitsari sai a ce yoyon fitsari gare ta. Alhali aikin da ke gyara wani iri ba ya taɓa wani, har ma yakan ƙara ɓata shi.

Mai ɗigar yunƙuri takan kwana a bushe. Tana zuwa bayi ta yi fitsari kamar kowa. Sai ta yi tari ko ta sunkuya ta ɗaga tulu ne ɗan kaɗan ke fita.

Akwai kuma mai fitsarin gaggawa. Ita fitsari ne ke matsa mata farat ɗaya, kafin ta kai bayi ya zubo, kuma takan tashi sau da yawa da dare. Mafitsararta ce ke matsewa ba a ba ta izini ba. Ana magance wannan da horar da mafitsara da ƙwayoyi, kuma ayyukan da za mu karanta a ƙasa ba don shi aka yi su ba. Wasu matan suna da iri biyun a haɗe.

Yoyon fitsari kuwa, wanda a asibiti ake cewa VVF, rami ne da ya ɓulle tsakanin mafitsara da gaban mace, yawanci bayan naƙudar da ta kwana biyu ko uku kan jariri na danne nama, ko bayan yankan gishiri. Fitsari na zuba dare da rana, ko tana zaune ko tana kwance.

> AKWATIN KALMOMI (2)
> Fitsarin gaggawa: matsuwar fitsari kwatsam har ya zubo kafin a kai bayi.
> Yoyon fitsari: zubar fitsari ba tsayawa ta wani rami da bai kamata ya kasance ba.
> Tsargiya: cutar da ake ɗauka a ruwan tafki ko gulbi, mai sa jini a ƙarshen fitsari.

Mu mutanen bakin ruwa muna da ƙarin abin lura. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwan Kwara ya kwanta ya zama tafki har zuwa Yelwa, kuma ruwa mai kwanciya shi ne gidan ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Tsargiya tana ƙona mafitsara, ta sa zafi da yawan zuwa fitsari. Ƙwaya ce maganinta. Haka ciwon suga da ƙwayoyin cutar da ke shiga mafitsara suna kawo yawan fitsari. Duk sai an kawar da waɗannan kafin a yi zancen wuƙa.

Misali na 1. Wata mata mai sana'ar kifi daga wani ƙauye a Ngaski, mai haihuwa bakwai, ta je asibiti tare da 'yarta. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Inna, yaushe ne yake zubo miki?" Ta sunkuyar da kai. 'Yar ta ce, "Inna, ki faɗa mata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Sai ta ce, "'Yata, in na yi tari ne, ko na ɗaga kwandon kifi." Aka tambaye ta ko shimfiɗarta na jiƙewa da dare, ta ce a'a. Ko fitsari na matsa mata har ta kasa kai wa bayi, ta ce a'a. Ko tana ganin jini, ta ce a'a.
*Warwara:* bushewar dare ta nuna da wuya a ce rami ne. Rashin gaggawa ya nuna mafitsarar ba ta da laifi. Abin da ya fi kama da shi ɗigar yunƙuri ce, gwaji kuma zai tabbatar.

3. Abin da ake yi a asibiti kafin yanke shawara

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka rabin binciken daga bakin mace yake fitowa. Ana so ta lura da kanta na kwana 3: sau nawa ta sha ruwa, sau nawa ta yi fitsari, sau nawa ya kuɓuce, tana me a lokacin. Wadda hannunta bai riga ya faɗa da rubutu ba tana iya jefa tsakuwa a gwangwani duk sanda ya kuɓuce, da dare a ƙirga.

Daga nan za a gwada fitsari. Za a duba ta da cikakkiyar mafitsara, a ce ta yi tari a gani ko zai fito. Za a duba ko mahaifa ko bangon gaba ya sauko. Za a auna abin da ya rage a mafitsara bayan ta yi fitsari. In ana zargin rami, sai a zuba ruwa mai launin shuɗi a mafitsara ta roba a ga ko zai ɓullo ta wani wuri. Mace tana da damar neman ma'aikaciya mace ta tsaya a ɗakin yayin da ake duba ta.

Hanyar da aka saba bi ita ce daga asibitin unguwa zuwa Babban Asibitin Yauri. In lamarin na ƙwararru ne sai a rubuta takarda zuwa Birnin Kebbi, ta Koko da Jega, inda akwai asibitin tarayya da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse, ko kuma zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

4. Kafin wuƙa

Likitan kirki ba ya fara da tiyata. A 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana cewa tsokar ƙasan mara tana ƙarfafa in ana motsa ta, kamar yadda damtsen mai tuƙa jirgi ke ƙarfafa. Ga yadda ake yi: mace ta matse kamar mai hana iska fita a cikin jama'a, kuma tana hana fitsari, ta ja sama, ta ƙirga zuwa biyar tana numfashi, ta saki, ta huta daidai haka. Kada ta matse ciki ko cinya. Kada kuma ta mayar da tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa al'ada. Ana yin aƙalla sau 8 a zama ɗaya, zama 3 a rana, na tsawon wata 3 ko fiye. In ta saba, sai ta riƙa matsewa kafin tari ya fito ko kafin ta ɗaga kaya.

Misali na 2. Mace ta ɗaura motsin a kan lokutan salla don kada ta manta: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i. 8 sau 3 ya ba da 24 a rana. Mako 12 kwana 84 ne. 84 sau 24 ya ba da 2,016. Wadda ta yi kwana goma ta ce bai yi mata aiki ba, 240 kawai ta yi.

Tare da wannan a magance tari, kuma duk tarin da ya wuce mako biyu a gwada shi ko tarin fuka ne. A ci ganye da wake da 'ya'yan itace don bayan gida ya yi laushi. Mai ƙiba ta rage. A rage shayi mai kauri da goro in akwai gaggawa. Ƙin shan ruwa kuwa cutar kai ne, fitsari yakan yi kauri ya yi wari, ya ƙona mafitsara, ya jawo ƙwayoyin cuta. Akwai kuma wani zoben roba da ake sa wa a gaba ya tokare bututun, yana taimakon wasu.

Wani abu da ke ci wa mata rai fiye da wanki shi ne salla. Na san akwai masu barin ta saboda suna ganin ba su da tsarki, kuma wannan abin tausayi ne, domin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a makarantunmu, irin su Risala, sun yi bayanin mai wannan uzuri, suna kiransa salasi, kuma an yi masa sauƙi. A tambayi malama ko malami yadda hukuncin ya shafi halin da ake ciki.

5. Ayyukan tiyata

In an yi wata uku ana motsi da gaske amma ɗigar na hana mace sana'a da ibada da shiga mutane, an zo wurin da za a yi zancen aiki. Yawancin ayyukan manufarsu guda ce, a mayar wa tiyo ƙasa mai tauri. Ba a cire mahaifa don wannan, ba a kuma ɗinke hanyar fitsari.

*(a) Aikin ɗage wuyan mafitsara.* Likita John Burch na Amurka ya bayyana shi a 1961, kuma da sunansa ake kiransa. Ana yanka a ƙasan mara, kusan inda ake yankan ciro jariri. Sai a sa zare a naman da ke gefe biyu na wuyan mafitsara, a rataye shi a wata jijiya mai ƙarfi da ke jikin ƙashin mara. Ba a barin komai a jiki sai zaren. Ana kwana kaɗan a asibiti. A shekarar farko mata 8 zuwa 9 cikin 10 suna bushewa, bayan shekara biyar kuwa adadin yakan sauko wajen 7. Aibinsa shi ne yankan ciki, kuma wasu daga baya bangon gabansu na baya yakan sauko.

*(b) Majanyi daga jikin mace.* Kowace uwa ta san aikin majanyi: an goya yaro da zani, sai a ƙara ɗamara a ƙarƙashinsa don kada ya zame. Haka wannan aikin yake. Likita yana yanko ɗan siririn farin nama mai tauri da ke lulluɓe da tsokar ciki, ko na gefen cinya, ya ratsa shi ta ƙarƙashin bututun fitsari, ya ɗaure bakinsa biyu ta sama. Tsohon aiki ne, an san shi tun shekarun 1940, yana da ƙarko, kuma jiki ba ya ƙin abin da yake nasa. Sai dai rauni biyu ne, jinyarsa ta fi tsawo, kuma shi ya fi sa fitsari ya yi wuyar fita a makonnin farko. Wata sai an koya mata sa wa kanta siririyar roba na ɗan lokaci.

*(c) Majanyin raga.* A 1996 Ulf Ulmsten na ƙasar Suwidin ya fito da hanyar sa wani siririn ƙyalle na roba, saƙaƙƙe kamar raga, faɗinsa wajen santimita 1. Ana kiran aikin TVT. A 2001 wani likita a Faransa, Delorme, ya kawo wata hanyar da ake fito da bakin ƙyallen ta matsematsin cinya, ita ce TOT. Yankan ƙanana ne, aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma akan sallami mace ran nan ko washegari. Kimanin 8 cikin 10 suna warkewa ko su sami sauƙi sosai. Wannan sauƙi ne ya sa ya bazu a duniya.

Amma masunta sun san halin zaren roba, ba ya ruɓewa. Nama yana tsirowa ta cikin idanun ragar ya riƙe ta har abada. A jikin wasu mata ƙalilan takan ci nama ta ɓullo a gaba ko a cikin mafitsara, ko ta bar ciwo mai tsanani a mara da cinya da lokacin saduwa, kuma cire ta gaba ɗaya aiki ne mai wuya. Koke-koken irin waɗannan mata ne suka sa Ingila ta dakatar da aikin a watan Yulin 2018, in ba inda ya zama dole ba. A Amurka da ƙasashe da yawa ana ci gaba da yin sa. Ra'ayina shi ne, macen da gidanta ke tsibiri ko can cikin Shanga, wadda komawa wurin ƙwararre tafiyar wuni ce a gare ta, ta yi dogon tunani kafin ta yarda a bar mata abin da in ya tashi ba kowane likita ke iya cire shi ba.

*(d) Allurar cike bututu.* Ana zura ƙaramar kyamara, a yi allurar wani abu mai kauri a bangon bututun don bakinsa ya haɗu. Babu yanka, kuma ta dace da tsohuwa ko mai ciwon da ba za ta jure babban aiki ba. Ƙarfinta bai kai na sauran ba, sau da yawa sai an maimaita, kuma kayanta daga waje ake kawo su.

> AKWATIN KALMOMI (3)
> Majanyi: a wannan darasi, siririn abin da ake sa wa a ƙarƙashin bututun fitsari ya tallafe shi.
> Raga: majanyin da aka saƙa da zaren roba, mai zama a jiki dindindin.
> Allurar baya: allurar da ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, mace na farke amma ba ta jin zafin aiki.
> Robar fitsari: siririn bututun da ake sa wa ya fitar da fitsari zuwa jaka.

Kowane ɗaya daga ayyukan nan huɗu yana iya zuwa da zubar jini, ko ƙwayoyin cuta, ko rauni a mafitsara, ko sabon fitsarin gaggawa da babu shi a da. Sannan ga zancen haihuwa. Sabon ciki da naƙuda suna iya warware abin da aka gyara, don haka akan ba da shawarar jinkirta aikin har mace ta gama haihuwa. Magana ce mai nauyi a gidajenmu, kuma gara mata da miji su yi ta tun kafin su shiga mota.

Misali na 3. Likita ya ce aikin yana yi wa 8 cikin 10. In an yi wa mata 50, nawa za a sa ran sun samu lafiya? 50 a raba 10 ya ba da 5, 5 sau 8 ya ba da 40. Saura 10 da ɗigar ba za ta bar su gaba ɗaya ba. Wanda ya ce miki aikinsa ba ya taɓa kuskurewa, ki nemi ra'ayin wani likitan.

6. Wadda aka ɗinke wa rami amma ba ta bushe ba

Wannan rukuni ya fi yawa a arewacin Nijeriya fiye da ƙasashen da aka ƙirƙiro waɗancan ayyuka, kuma sun fi kowa shan wahala. An kai mace cibiyar yoyon fitsari, an ɗinke ramin, ta dawo gida da murna, sai ga fitsari na zuba da ta miƙe tsaye. Dangi su ce aikin bai yi ba, wani lokaci miji ya juya baya karo na biyu.

Sau da yawa ramin ya rufe. Doguwar naƙudar ce ta cinye wani sashe na bututun da tsokar da ke rufe shi, ta bar tabo mai tauri, wani lokaci kuma mafitsarar ta tsuke ba ta ɗaukar abin kirki. Likitocin da suka daɗe a wannan fage, irin su Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya fara aikin a Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1980, sun ba wannan matsala muhimmanci. A Habasha, Andrew Browning ya bayyana a 2004 hanyar yin majanyi da tsokar gefen gaba tun a lokacin ɗinkin ramin.

Abin da ya kamata irin wannan mace ta yi shi ne ta koma cibiyar da aka yi mata aiki. Za a sake gwajin ruwa mai launi a tabbatar babu ɗan ramin da ya saura. Za a ba jiki lokaci, a koya mata motsi da yin fitsari a kan ƙa'ida. In sai an sake aiki, da naman jikinta ake yi, domin raga ba ta zama lafiya a cikin tabo. Wasu ana ba su ɗan marfin roba da suke toshe bututun da shi, su cire in za su yi fitsari. In ta sake samun ciki, haihuwarta ta asibiti ce, ta hanyar tiyata, kuma a je tun kafin naƙuda ta fara.

7. Tambayoyin da za a tafi da su, da jinya

A rubuta su a takarda tun daga gida: Wane iri ne nawa? Wane aiki za a yi, kuma me ya sa shi? Za a bar wani abu a jikina? Likita ya saba yin wannan aikin? In fitsari ya ƙi fita, wa zan nema? Nawa ne kuɗin gaba ɗaya, har da magani da gado? Mai katin inshorar lafiya na hukumar KECHEMA ta tambaya ko katin ya ɗauki wani abu daga ciki. Kada a sa hannu a takardar yarda sai an karanta wa mace ita kanta da Hausa ta gane.

Bayan aiki, mako 6 babu ɗaukar kaya, babu daka, babu tuƙi, babu saduwa da miji. Wadda aka ɗinke wa rami hutunta ya fi haka tsawo, likitanta zai faɗa mata. Mako 6 kwana 42 ne, wato arba'in da kwana biyu. Duk gida an san yadda ake hutar da mai jego, to a ɗauke ta haka, amma ban da wankan tafasasshen ruwa da kunun kanwa da cusa wani magani a gaba. Ta riƙa tafiya a hankali a tsakar gida, ta sha ruwa sosai.

Misali na 4. An yi wa wata matar manomin albasa aiki ran 1 ga Maris. Kwana 30 ya kai ta 31 ga Maris, saura 12, ke nan sai 12 ga Afrilu za ta fara ƙananan ayyuka. Maigidan ya ce, "To wa zai ɗebo ruwa?" Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, ni zan zo in zauna, yaran kuma su kai niƙa inji." Da an bar wannan tambayar sai bayan an dawo, da ita ce za ta ɗauki tulun a mako na biyu, zaren ya saki.

Wadda gidanta sai an haye ruwa, ta yi makon farko a wurin dangi a Yelwa ko kusa da asibitin. A koma da gaggawa in fitsari ya ƙi fita mara ta kumbura, ko zazzaɓi ya taso, ko jini ya yi yawa, ko ruwa mai wari na fita, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo.

Tambayoyin bita

1. Da misalin tiyo da taɓo, bayyana dalilin da ya sa fitsari ke kuɓucewa lokacin tari.
2. Wata mata tana tashi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kullum tun bayan naƙudar kwana uku. Wace lalura ta fi kama da ita, kuma ina ya kamata a kai ta?
3. Me ya sa ake gwada fitsarin mutanen bakin tafki kafin a yi zancen aiki?
4. Mace tana motsin tsoka sau 10 a zama, zama 3 a rana. Sau nawa za ta yi a mako 4?
5. Cike gurbi: a aikin Burch ana rataye wuyan mafitsara da ________, a aikin TVT kuma ana sa ________.
6. Kawo amfani ɗaya da haɗari ɗaya na majanyin raga. Me ya faru da shi a Ingila a 2018?
7. Me ya sa ake amfani da naman jikin mace ga wadda aka taɓa ɗinke wa rami?
8. An yi aiki ran 10 ga Yuni. Wace rana mako 6 zai cika?
9. Ambaci alamu uku da ke sa a koma asibiti da gaggawa.
10. Aikin rukuni: ku rarrabu uku-uku, ɗaya ta zama mara lafiya, ɗaya 'yar rakiya, ɗaya ma'aikaciyar jinya. Ku gwada hirar Misali na 1, amma wannan karon mara lafiyar tana da fitsarin gaggawa. Waɗanne amsoshi ne za su canja?